Kiwon Kifi: A Fara da Ruwa

FILIN MANOMA DA MAKIYAYA

 

A watan jiya mun yi magana bisa tattalin taki. Wanga wata za mu yi magana bisa kiwon kifi. Masu karatu da dama sun aiko suna tambaya: shin talaka na iya kiwon kifi bakin garkarshi? Yana iyawa, in yana da ruwa, in kuma ya bi aikin daki-daki.

Kifi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ana kama shi a kogin Isa da Komadugu da tabkin Cadi. Ana kama shi a tabkin Madarunfa kudu da Maraɗi, da na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a jihar Damagaram. Amma su dabam, kiwo dabam. Masunci yana kama abin da ya tarar cikin ruwa. Mai kiwo kuwa shi ke zuba ɗiyan kifi da hannunshi, ya ciyar da su, ya san adadinsu kamar yadda makiyayi ya san adadin bisashenshi. Tun shekarun 1980 anka gwada kiwon karfasa cikin keji bisa kogin Isa, kuma an ga kifin ƙasarmu yana karɓar kiwo.

Ga maganar da muke so ku riƙe tun farko. Wanda ke son kiwon kifi, ruwa zai fara kiwo. Cikin ruwa kifi ke cin abinci, cikinshi yake numfashi, cikinshi kuma yake kashi. In ruwa ya gyaru, rabin aiki ya ƙare. In ya ɓaci, ko buhun dussa nawa ka zuba, hasara za ka kwasa.

DARASI DAGA MASU KIFIN ADO

A manyan birane na duniya akwai masu ajiye ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi a ɗaki. Ba don ci suke ajiye su ba, don kallo ne kawai. Amma waɗanga mutane sun san halin ruwa ƙwarai, domin ruwansu kaɗan ne, bai da wuyar ɓaci.

Wanda ya san aikin cikinsu ba ya sayo akwati da kifi rana ɗaya. Sai ya wanke rairayi ya shimfiɗa, ya dasa ciyawar ruwa, ya cika akwatin, ya jira. Bayan haka ya sa kifi kaɗan. Sai mako 4 zuwa 6 sun wuce kana ruwan ya zauna sosai, ya riƙa ƙara kifi sannu-sannu.

Mi ya sa yake jira? Kifi na fidda wani dafi daga jikinshi, ana ce mishi amoniya. Kun san shi. Shi ne warin nan mai yaji da ke bugun hanci cikin garken awaki da ba a share ba. In ya taru cikin ruwa, yana kashe kifi. Amma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zama bisa rairayi da duwatsu, suna karya ƙarfin dafin. Tsiron ruwa kuma ya sha shi kamar taki. Sabon ruwa bai da waɗanga halittu da yawa, sai sun samu lokaci sun hayayyafa. Shi ya sa mai gaggawa ke wayin gari ya iske kifinshi sun mutu, ya ce mai saidawa ya cuce shi.

Abu na biyu da sunka sani shi ne, ba kowane kifi ke zama da wani ba. Wanda duk ya shiga bakin ɗan uwanshi, abinci ya zama. Waɗanga darussa biyu su ne za mu ɗauka mu kai bakin garka.

ZAƁEN WURI

Abu 3 za ka duba: ruwa, ƙasa, da kusa da gida.

Ruwa shi ne na farko. Ana son ruwan da ba ya ƙafewa har wata 6 ko fiye. Fadama ta dace, da wuraren da ruwa ke kusa kamar Korama da bakin gulabe, da wuraren noman rani masu magudanar ruwa kamar Jiratawa da Ƙonni. Ku yi lissafi kafin ku ɗauki dagi. Lokacin bazara, rana da iska na iya shanye santimetir 1 na ruwa kowace rana. Ga rami mai metir 10 bisa metir 10, wannan litir 1000 ne, wato tano 5 masu cin litir 200. Kullum sai an maida su. Wanda guga ce kaɗai gare shi, rijiyarshi kuma mai zurfi, kada ya wahalar da kanshi da babban rami.

Na biyu ƙasa. Jigawa ba ta riƙe ruwa. Laka ake so, ƙasa mai danƙo. Ga yadda ake gwadawa. Ɗebi ƙasar, ka jiƙa ta, ka dunƙula, ka jefa sama ka caɓe. In ta tsaya dunƙule, tana da kyau. In ta warwatse, rairayi ya yi yawa. Sannan ka gina ɗan rami iya ƙugu, ka cika shi da ruwa da safe, ka sake cika shi da marece, ka rufe da ganye. In gari ya waye ka iske ruwan bai ragu da yawa ba, wurin ya yi. Inda ƙasa ba ta riƙe ruwa ana iya shimfiɗa leda mai kauri ko a yi ginin siminti, amma wannan sai da kuɗi.

Na uku, wurin ya zama kusa da gida ko garka, inda ido ke kai kullum. Kada ya zama bisa hanyar ruwan gulbi, domin ambaliya ɗaya na tafiya da aikin shekara. Kada ya zama ƙarƙashin manyan itatuwa, domin ruwan na son rana, kuma ganye na ruɓewa ciki.

Akwai magana guda da ta shafi zaman lafiya. Kada manomi ya kange mashayar bisashe ko burtali ya ce ramin kifi zai yi. In ruwan na jama'a ne, a zauna da maigari da arɗo a yi shawara kafin a sa dagi.

GINAR RAMI

Mai farawa ya fara da ƙarami. Metir 10 bisa metir 10 ya isa. Rani ne lokacin gina, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Aikin na da nauyi, a yi mishi gayya.

Gefe ɗaya ruwa ya kai santimetir 60, ɗaya gefen ya kai metir 1 ko fiye kaɗan. Gefe mai zurfi shi ne maɓoyar kifi in rana ta yi zafi ko sanyi ya yi yawa, nan kuma suke taruwa ranar kamu. Ruwa maras zurfi yana saurin zafi, ciyawa na cika shi, tsuntsaye kuma na shiga da ƙafa su yi ta ci.

Ƙasar da anka fitar a tada gaɓa da ita kewaye da ramin. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Gaɓar ta fi ruwa tsawo da santimetir 40, kuma ta zama mai gangare don kada ta rufta. A dasa mata ciyawa mai yaɗo ta riƙe ƙasa. A sa bututu wajen sama inda rarar ruwa za ta fita lokacin damana. Bakin mashigar ruwa da na mafita, duka a ɗaure musu raga ko tsohon sange na sauro. Raga na hana kifinka fita, tana hana baƙon kifi shigowa.

KIWON RUWA

Rami ya ginu, an cika ruwa. Kada a kawo kifi tukuna. Yanzu ne za a ciyar da ruwa.

A wani lungu na ramin, kafa itace ka yi ɗan shinge cikin ruwa. Nan za ka riƙa zuba taki. Ga rami irin wanga, kamar kilo 10 na kashin shanu a mako ya isa. In kashin kaji ne, rabin haka, domin ya fi ƙarfi. Kashin awaki da na tumaki ma suna yi. Ka riƙa motsa shi da sanda.

Bayan mako 1 ko 2 za ka ga ruwa ya zama kore. Koren nan ba dauɗa ba ce. Ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, tare da ƙananan ƙwarin ruwa masu cin su. Su ne ciyawar karfasa. Su ke shanye dafin da munka ambata, kuma da rana su ke ba ruwa iskar numfashi.

Hannunka shi ne ma'auni. Tsoma shi har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka sarai, ruwa na jin yunwa, ƙara taki. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, ruwa ya yi daidai. In ya ɓace tun ruwa bai kai rabin hannu ba, taki ya yi yawa, dakata da shi. A lura, kore muke nufi. Jan ruwa na laka ba abinci ba ne, rana ma yake tarewa.

Masu ruwan pampo na birni su sani ana zuba mishi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganin na da kyau ga mutum, amma yana cutar kifi. A bar ruwan ya kwana biyu buɗe kafin ya taɓa kifi.

WAƊANDA KE ZAMA TARE

Makiyayi ba ya haɗa kura da akuya garke ɗaya. Haka abin yake cikin ruwa.

Karfasa ita ce kifin mai farawa. Tana cin koren ruwa da dussa da ganye, tana da juriya, kuma tana da kasuwa. A zuba 2 ga kowane metir 1 bisa metir 1. Ga raminmu ke nan 200. Kada a ce a zuba 1000 don a samu da yawa. Makiyaya sun san abin da ke faruwa in bisashe sun fi ƙarfin ciyawa.

Karfasa na da hali ɗaya da ya kamata a sani. Tana haihuwa da wuri, tun tana wata 4 ko 5, kuma tana maimaitawa. Namiji ke gina ɗan gurbi a ƙasan ruwa. Macen ta kwashe ƙwai cikin bakinta, ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, saboda haka ɗiyan ba su cika mutuwa ba. In an ƙyale su, rami zai cika da dubban ƙanana, abinci ya kasa, ranar kamu ka iske kifi kamar yatsu. Namiji ya fi mace saurin girma. Wanda ya samu malamin kifi ya tsince mishi maza zalla, ya huta da wagga matsala.

Wanda bai samu ba, tarwaɗa ce abokiyar zama. Tana cinye rarar ɗiyan karfasa, ta bar manya su girma, ita ma ta yi ƙiba. A sa tarwaɗa 1 ga karfasa 10, wato 20 ga raminmu. Amma da sharaɗi. A bari sai karfasa sun yi wata 1 ko 2 cikin rami, kana a kawo ƙananan tarwaɗa waɗanda bakinsu bai isa haɗiye su ba. Su kansu tarwaɗan su zama kai ɗaya, domin babbarsu na cin ƙaramarsu. A tuna kuma tarwaɗa na shaƙar iska kamar mu, tana iya jan ciki bisa jiƙaƙƙar ƙasa ta gudu daren da anka yi ruwa. Gaɓa mai tsawo da raga su ke tsare ta.

Bargi, wanda wasu ke ce ma balli, kifi ne mai zaman lafiya. Ƙananan abubuwan cikin ruwa da na laka yake ci. Amma yana girma ƙwarai, 2 ko 3 sun isa ƙaramin rami.

Ga waɗanda ba a so: tsage, da minjirya, da gaiwa, da giwan ruwa. Duka masu cin kifi ne. Gaiwa ma tana iya ɓoyewa cikin laka ta yi rani, ka zuba sabon ruwa ta fito. Giwan ruwa kuwa an ga aikinshi a gabashin Afirka. A shekarun 1950 anka zuba shi cikin tabkin Biktoriya, babban tabkin da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Zuwa shekarun 1980 ya yi yawa, ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawa, wasu ba a sake ganinsu ba. In ya yi ma babban tabki haka, ina ga ramin metir 10?

RANAR ƊAUKO ƊIYAN KIFI

Ku nemi ma'aikatan gandun daji da ruwa na yankinku, su gwada muku inda ake samun iri mai kyau. In daga masunta za ku saya, ku duba ɗaya-ɗaya, kada baƙon kifi ya biyo. A zaɓi masu tsawon yatsa, masu kuzari, marasa rauni.

Ƙarshen bazara ko farkon damana shi ne lokacin zubi. Karfasa na son ruwa mai ɗumi. In sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, kamar yadda yake yi lokacin ɗari, cinta na raguwa, girmanta ma na raguwa. Wanda ya zuba da farkon damana zai yi kamu da kaka, kafin ɗari ya kama.

Kada a ba su abinci jajibirin tafiya, don kada su ɓata ruwan hanya. A ɗauko su da sanyin safiya cikin tulu ko bokiti mai tsabta, wanda bai taɓa ganin sabulu ko man inji ko maganin ƙwari ba. Kada a cunkusa su. A rufe da ganye saboda rana.

In an iso, kada a juye su gaba ɗaya. Ruwan bokiti da na rami ba ɗumi ɗaya gare su ba, kuma canji na farat ɗaya na kashe ɗiyan kifi. Sa bokitin cikin ruwan rami, ka riƙa ɗebo na rami kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har minti 20. Sannan ka karkata bokitin, su fita da kansu.

CIYARWA

Koren ruwa shi ne tuwonsu, abin da kake zubawa ƙari ne. Ana ba su dussar hatsi, da ta shinkafa, da ta masara, da dakakken ƙuli-ƙuli, da gara, da ganyen zogala da na dankali yankakke. A ba su sau 2, da hantsi da la'asar, wuri ɗaya kullum. Za su saba har su riƙa taruwa in sun ji tafiyarka.

A ba su abin da za su cinye cikin minti 15. In ka ga saura na yawo, gobe ka rage. Abincin da ya rage yana nutsewa ya ruɓe, ya shanye iskar ruwa. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin kiwo.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Kowace asuba ka leƙa raminka. Lokacin ne iskar ruwa ta fi ƙaranci, domin koren da ke ba da iska da rana, da dare shi ma shaƙa yake yi. In ka iske karfasa sun taso sama suna buɗe baki, ruwa na gaya maka magana. In sun koma ƙasa da fitowar rana, gargaɗi ne, rage taki. In har hantsi suna sama, tsaida abinci da taki, fidda wani sashe na ruwan ka ba garka, ka ƙara sabo. Amma in tarwaɗa ce ta leƙo ta koma, kada ka damu, halinta ne.

Maganin feshi na wake da na kaɗa dafi ne ga kifi, ko ɗan kaɗan ne. Kada a wanke abin feshi ko gwangwanin magani kusa da rami. Kada a yi wanki ciki. A kiyaye man injin ban ruwa.

Kifi na da maƙiya: tsari, da zalɓe, da kwaɗi, da ɓarawo. A yi shinge mai ƙarfi. A ja zare bisa ruwa saboda tsuntsaye. A kwashe ƙwan kwaɗi. Shingen nan kuma shi ke tsare yara ƙanana, domin ruwan metir 1 ya isa ya ci yaro.

Sai maganar lafiyarmu. Ciwon tsargiya ta katantanwar ruwa yake bi. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayar ta shiga katantanwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Don haka ba fitsari, ba wanka, ba sha a ramin kifi. A nome ciyawar bakin ruwa, a tsince katantanwa. Noman ciyawar na rage sauro kuma. Dafaffen kifin ramin ba ya ba kowa tsargiya.

KAMU DA LISSAFI

Bayan wata 6 a rage ruwa, a ja taru daga gefe mai zurfi. Mu yi lissafi. In cikin karfasa 200 guda 180 sun rayu, kowace ta kai giram 150, ka samu kilo 27, ban da tarwaɗa. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, amma naka ne, bakin garkarka yake. Iyali su fara ci, musamman yara da mata masu ciki da masu goyo, domin kifi abinci ne mai gina jiki. Saura a kai kasuwa ko a yi banda.

Ƙananan da anka kama a ajiye su cikin wani ɗan rami, su ne irin gaba. Babban ramin a bar shi ya bushe har ƙasa ta tsattsage. Baƙar lakar a kwashe ta a kai garka, taki ce mai ƙarfi.

Ƴan uwa, ga inda karatun yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Ku samu ɗan littafi. Ku rubuta ranar zubi, da adadin kifi, da tiya nawa ta dussa kunka ba su, da nawa sunka mutu, da kilo nawa kunka kama. Littafin shi zai gaya muku ko riba kunka ci, da abin da za ku gyara baɗi. Wanda ya iya da rami ɗaya, sai ya ƙara na biyu. Wanda ya karanta wagga jarida ya karanta ma maƙwabcinshi.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa bandar kifi da ajiyarshi. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.